Damon Gidan Nana Maimuna da Kifin Komadugu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa, tun zamanin kakanni makiyayan arewa da yawa, Buzaye da wasu Fulani, suna ƙyamar kifi, alhali mutanen Komadugu da Tafkin Chadi da banda suka rayu. Har yau a N'Guelbély akan ji wani yana yi wa ɗan'uwansa gori a kan abin da ke cikin akushinsa.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Madina. Bayan Khalid ɗan Walid ya musulunta a shekara ta 8 ta Hijira, ya shiga ɗakin innarsa Nana Maimuna tare da Manzon Allah (SAW), aka kawo gasasshen damo, tsarabar Najadu. Da aka faɗa wa Annabi ko mene ne, sai ya janye hannunsa. Khalid ya tambaya ko haramun ne, Annabi ya nuna masa ba haramun ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, shi ya sa ransa bai so. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa. Imamu Malik ya kawo ƙissar a Muwaɗɗa.

Ku lura, wanda ya fi kowa ikon haramtawa bai mayar da ƙyamarsa hukunci ba.

Saɓanin malamai kuwa kan dalili ake yinsa. Naman doki haramun ne a mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, Imamu Shafi'i ya halatta shi. Fara halal ce, amma Malikiyya sun sharɗanta a kashe ta da niyya, wadda ta mutu da kanta ba a ci. Kifi kam ko yanka ba ya buƙata. Wallahu a'alam.