Daga kaset zuwa WhatsApp: yadda waƙa ke tafiya a ƙasarmu

Makon jiya na ƙwace salula daga hannun wani ɗalibina ana tsakiyar darasi. Da na tambaye shi abin da yake saurare, sai ya ce waƙarsa ce. Shi ya rera ta a ɗakin uwarsa a nan Tawa, ya tura wa ɗan kawunsa da ke cin rani a Abijan, wancan ya ɗora mata kiɗa da kwamfuta, ya maido masa ta WhatsApp. Washegari mahaifinsa ya zo lakwal ransa a ɓace. "Mushe," in ji shi, "wannan abu ba mu gaje shi ba." Na ba shi haƙuri, amma a raina na san mun gaje shi.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san kaset ɗin saƙo. Maigida yana bakin teku, bai iya rubutu ba, sai ya sayi kaset ya zauna gaban rakoda ya gaida kowa da sunansa, ya ba mai komawa gida. A taru a tsakar gida a saurara, sannan a ɗauki amsa a mayar. Aika murya nesa ba baƙon abu ba ne gare mu.

A arewacinmu kaset ya ɗauki abin da ya fi gaisuwa nauyi. Samarin Abzinawa da fari ya kora Aljeriya da Libiya, irin su ƙungiyar Tinariwen, sun riƙa ɗaukar waƙoƙinsu na gita a kaset, ana kwafa hannu zuwa hannu. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 an hana kaset ɗin Abdallah ag Oumbadougou a Nijar, amma bai daina yawo ba.

Da salula ta zo, sai ƙaramin katin ajiya da Bluetooth suka gaji kaset. A nan ne labarin ɗan jiharmu ya shigo, wato Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, daga yankin Abalak da Cintabaradan. Gidansu ba sa son kiɗa, don haka gitarsa ta farko da katako da wayar keke ya haɗa ta. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin da ya kira Anar, da Tamashek, amma da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Daga waya zuwa waya suka tsallaka har Mali.

Can a Kidal wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da Tahoultine. Waƙar ta yi nisa, amma ta bar mai ita a baya, sai da ya yi cigiya kafin ya gano shi. Ya sa ta cikin faifan Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds a 2011. Yau Mdou Moctar yana wasa a Amurka da Turai. Haka kuma Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak: da gitar yayanta ta koya, kuma faifan Les Filles de Illighadad ya fito a 2016. A 2020 kamfanin ya yi wani tsari: kowane wata mawaƙa su ɗauki waƙa da salula a gida, su tura ta WhatsApp, a sayar a intanet, kuɗin ya koma musu. Etran de l'Aïr na Agadas suka fara.

Ba ina cewa duk yaron da ya riƙe salula zai zama Mdou Moctar ba. Mafi yawa ba za su zama ba, kuma tsoron iyaye yana da tushe: karatu na lalacewa, habaici da batsa na yaɗuwa, kuma abin da ya fita daga waya ba ya dawowa. Amma tarihin nan ya nuna mini abu biyu. Hani bai tsayar da kaset ba, balle abin da ba a gani da ido. Sannan waƙa tana iya kai wa Bamako ba tare da sunan mai ita ba, wani ya ci guminsa. A garin da aka raɗa wa gasar waƙa ta ƙasa sunan mawaƙinsa Ɗan Gurmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa muka yi yarjejeniya mu uku. Salula ba ta shiga aji. Kowace waƙa, ya fara faɗin sunansa da na ɗan'uwansa da shekarar da suka yi ta. Ya rubuta baitocin a littafi in duba rubutun. Kuma babu abin da zai tura sai mahaifinsa ya ji.

Jiya dattijon ya tare ni a kasuwa. Ya ce ya saurari ta farko har sau biyu, kiɗan ya yi masa yawa, amma yaron ya ambaci kakansa daidai.