Yadda Taron Zuri'a Ya Samo Asali a Ƙasar Ƙonni da Adar

Kwana ɗaya ko biyu bayan Babbar Salla, ko bayan kaka idan damman gero sun shiga rumbu, ba wuya ka tarar da rumfa a ƙofar wani tsohon gida a Birnin Ƙonni ko Dogerawa ko Badagishiri, alhali ba aure ake ba, ba kuma rasuwa aka yi ba. Zuri'ar mutum ɗaya ce ta taru. Dattawa na kan tabarmi a gaba, matasa na kan kujerun roba na haya, ma'aji na riƙe da littafin karo-karo, wani yaro kuma ya ɗaga waya sama don baffansa da ke Abijan ya ji addu'ar buɗe taro. Mutane da yawa na ganin wannan yayi ne da ƴan boko da WhatsApp suka kawo. Tsarin shugaba da magatakarda da ma'aji sabo ne, ba musu. Amma buƙatar da ta haifi taron ta girmi duk wanda ke cikin rumfar. Ni a ganina taron zuri'a ya tsiro ne a gurbin da tsofaffin hanyoyin riƙe tarihin dangi suka bari, saboda haka duk taron da aka tashi ba a adana komi na tarihin gidan ba, an bar babban aikin da ya tara mutane.

A da ba a sa wa dangi ranar haɗuwa, don ba su rabu ba balle a tara su. Maigida da ƙannensa da ƴaƴansu suna noma gandu ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Yaro na koyon asalinsa ba tare da an zaunar da shi ba. Yana ji a bakin iyakar gona cewa kakan wane ne ya sare dajin nan, yana ji ranar suna idan an mayar da sunan wani da ya rasu, yana ji daga maroƙi da ke jero kakanni kafin a ba shi kyauta, yana kuma gani a tsagar fuskar uwarsa. Gidajen Azna suna da nasu gadon, na ƙira ko farauta ko tsafin gari, kuma kowane gado na da lokacin da masu shi ke haɗuwa. Buɗin daji da ake yi kowace shekara a Masalata, dab da Birnin Ƙonni, inda ake arwa a faɗi yadda ake sa ran damina za ta kasance, yana cikin abin da ya rage na irin wannan haɗuwa, kuma gidajen da suka gaji aikin ne ke tsayawa a kansa. Lokacin da Nicole Echard ta yi bincike a ƙauyukan Adar, littafin da ta fitar a 1975 ya tsaya ne a kan yadda manoma da kansu ke riƙe da labarin baya: daga ina kakanni suka taso, ina suka yada zango, wa suka tarar, wa ya biyo bayansu.

Akwai kuma gidajen da suka riƙe nasu da tawada, kuma mafi shahararsu daga nan ƙasar ya fito. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta cewa kakansu Musa Jokollo ya taso daga Futa Toro ya sauka a ƙasar Ƙonni, zuri'arsa ta zauna nan tsawon kakanni kafin wani reshe ya koma Maratta, kusa da Galmi ta yau, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754. A littafinsa Ida'un Nusukh, Abdullahi ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, kuma da yawansu baffanni ne da kawunnai, har littafin ya zama tarihin ilimi da tarihin dangi a haɗe. Waziri Junaidu na Sakkwato ya ɗora a kan irin waɗannan rubuce-rubuce a Tarihin Fulani. A Illela ta Adar kuma, gidan Sarkin Adar na danganta kansa da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar wajen 1674, ya kuma dawo ya zauna cikinta bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721. Djibo Hamani ya bi wannan tarihi dalla-dalla a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, shi ma na 1975. Abin lura shi ne malamai da sarakuna ne ke da takarda da makaɗan fada. Tarihin talaka a baki yake, kuma abin da ke baki yana rayuwa ne muddin mai faɗa da mai ji suna kwana gida ɗaya.

Wannan zaman tare shi ne ƙarni na ashirin ya wargaza, kuma an fara da jini tun dab da shigowarsa. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, waɗanda suka tsira suka bazu. Ba a rubuta sunayen mamatan ba. Abin da aka sani game da su ta fuskar mutanen gari, jikoki ne suka riƙe shi, kuma su ne aka ji suna ba da labarin a fim ɗin African Apocalypse na 2020. Sai kuma iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Ƙonni na ciki. Ta 1906 ta mayar da ita hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa alamu. Tafintan tawagar Faransa, Landeroin, ya tattara tarihin Ƙonni da Adar da Gobir daga bakin masu sarauta da dattawa, aka buga a 1911, amma jerin sarakuna ya fi damuwa da shi, ba gidajen talakawa ba. Daga nan haraji da aikin tilas suka riƙa kora mutane kudu, yunwar 1913 zuwa 1914 da ta 1931 suka ƙara. Haka aka wayi gari wa na Ƙonni, ƙane na Illela ta Sakkwato ko Gwadabawa, ƴaƴan ɗaya na lakwal da Faransanci, na ɗayan na makaranta da Ingilishi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 rabuwar ta sake kama. Biɗa, wato fita neman kuɗi, wadda Adarawa suka daɗe da saninta, ta yi nisa: Legas, Abijan, Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Kamfanin siminti na Malbaza da ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, da noman rani na Ƙonni mai kusan hekta 2,500 da ke shan ruwan madatsun Maggiya, da albasar Galmi, duk sun koya wa saurayi cewa zai iya samun kuɗinsa ba ta hannun maigida ba. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage na gandu a gidaje da yawa, aka raba gonaki, kowa ya kafa tukunyarsa. Abin da ya ci gaba da tara dangi shi ne Salla, da aure, da zaman makoki da sadakar arba'in. A irin wannan zama ne ake gane ɓarnar: ƴaƴan wa da ƙane su gaisa kamar baƙi, a nemi wanda zai faɗi yadda aka haɗu da gidan wane a rasa, don tsohuwar da ta sani ita ce aka binne jiya. Daga nan tunanin sa rana ta musamman ya taso. Tsarin kuwa aro shi aka yi daga ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke Yamai da garuruwan biɗa, waɗanda dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta ba gurbi, suka kuma yawaita bayan Babban Taron Ƙasa na 1991. Wayar hannu ta sauƙaƙa kira da tara kuɗi, amma ta tarar da buƙatar ne a ƙasa. Rufe iyakar da aka yi daga 1984 zuwa 1986, wanda har yunwar lokacin ta ci sunan El-Buhari, da na 2019 zuwa 2020, da na 2023 zuwa Maris 2024, sun nuna wa gidajen bakin iyaka cewa zumuntar da aka bar wa sa'a tana iya yankewa dare ɗaya.

Masu suka na da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko suna cewa almubazzaranci ne: a yanka sa, a ɗinka anko, mai kuɗi ya yi ta nuna kansa, talakan gidan ya koma da ƙaramin rai. Wannan na faruwa, kuma inda ya faru laifin masu shiri ne da suka mayar da abin biki. Taron da ya san aikinsa dambu da fura sun ishe shi, kuɗin da ya ragu ya tafi ga marayun gidan ko ga sayen littafi da na'urar ɗaukar murya. Na biyu, wasu malamai na tsoron alfahari da asali, abin da Musulunci ya yi hani da shi. Tsoron na kan hanya, sai dai addinin da ya hana alfahari shi ne ya yi umurni da sada zumunta, kuma akwai hadisi a Tirmizi da ke kwaɗaitar da sanin nasaba gwargwadon abin da zai sa a sada ta. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an san wa ya haifi wa, haka ma sanin wanda ya haramta a aura ta jini ko ta shayarwa. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Tazyinul Waraƙat, bai ga aibi a rubuta kakanninsa ba.

Suka ta uku ta fi nauyi, kuma ita ce aka fi gudun faɗa a fili. Tonon asali a wannan yanki na iya tono bauta. Nijar ba ta sanya bauta cikin manyan laifuka a dokar hukunci ba sai 2003, kuma shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, ta bi ta kotunan Ƙonni kafin kotun CEDEAO ta yanke hukunci a Oktoban 2008 cewa ƙasa ta kasa kare ta. Littafin Benedetta Rossi na 2015 kan Adar ya nuna yadda tabon asali ke bin mutane har zuwa zamanin ayyukan raya karkara. To, a gidan da wata kaka ta shigo ta wannan hanya, me za a rubuta? Wasu na cewa a yi shiru, rufin asiri ya fi. Na fahimci dalilinsu, amma shirun bai taɓa hana a yi raɗa ranar neman aure ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya share sunan matar daga jerin kakanni, ya bar jikokinta da gori. Abin da ya dace shi ne a rubuta ta da sunanta a matsayin uwa, daidai da sauran uwaye, a bar wa zuri'arta su zaɓi abin da za a karanta a bainar jama'a. Jerin da ya ƙunshi masu rawani kaɗai yabo ne, kuma maroƙa sun fi mu iya shi.

Ana kuma cewa rubutu na daskarar da magana, ya ba riwaya ɗaya ƙarfi a kan sauran, har ya zama makami a rikicin gona. Tun da dokar ƙasar noma ta 1993 ta amince da haƙƙin gargajiya, shaidar wanda ya fara sare daji ta zama abin da ake kai wa gaban hukumomin filaye, don haka wanda ya riƙe alƙalami na iya karkata shi. Maganin wannan yana cikin taron kansa. Abin da mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa shi ake zargi. Abin da aka karanta gaban rassa duka, gwaggo ta ce ba haka aka yi ba, kawu ya kawo tasa, aka rubuta riwayoyin biyu da sunan wanda ya faɗi kowace, ya fi wuyar murɗawa. Kuma a nan ne muryar mata ke da muhimmanci, domin maza kan riƙe layin uba, tsofaffin mata kuwa su ne ke tuna wa aka aura daga wane gari, wa ya sha nonon wa, wa aka haifa shekarar wace yunwa. Sau da yawa suna can cikin gida wajen tukwane lokacin da ake jawabi a rumfa.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba. A gafakar tsofaffin malamai akan samu takardun da aka rubuta ranakun haihuwa da rasuwa da ajami, kuma hoto ɗaya na waya ya isa ya cece su daga gara. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, da sashen tsofaffin littattafan Larabci da ajami na cibiyar IRSH, inda za a iya neman shawara kan adanawa. Amma ba wata cibiya da za ta zo ƙofar gidanku ta tambayi innarku sunan kakarta. Ku da ke shirya taron bana, a Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ku ware sa'a biyu kafin a sauke abinci, ku shigo da tsofaffin mata cikin rumfa, ku sa yaro mai kyan rubutu da wani mai waya su zauna kusa da su, kuma kafin a watse kowane reshe ya tafi da kwafinsa, har da na ƙetaren iyaka.