Yaƙin Kogin Belly

Yaƙin Kogin Belly shi ne babban yaƙi na ƙarshe da aka gwabza tsakanin ƙabilar Cree da ƙawancen ƙabilun Blackfoot a yammacin ƙasar Kanada. An yi shi ne ranar 25 ga watan Oktoba na shekarar 1870, a gaɓar kogin da yanzu ake kira Oldman, inda birnin Lethbridge na lardin Alberta yake a yau. Blackfoot ne suka yi nasara.

Musabbabi

Cree da Blackfoot suna cikin mazauna asali na manyan filayen ciyawa na Arewacin Amurka. Rayuwarsu ta dogara ne a kan farautar ɓaunar Amurka: namanta abinci, fatarta sutura da tanti, kuma ita ce hajar da suke kai wa Turawa 'yan kasuwa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ɓauna ta fara ƙaranci a ƙasar Cree, sai mafarautansu suka riƙa kutsawa yamma da kudu, cikin ƙasar Blackfoot. Wannan ya ƙara rura wutar tsohuwar gabar da ke tsakaninsu.

A shekarun 1869 da 1870 annobar agana ta hallaka Blackfoot masu yawa. Shugabannin Cree suka ga cewa abokan gaba sun yi rauni, don haka suka tara mayaƙa tsakanin 500 da 800, har da ƙawayensu Assiniboine. Cikin jagororin akwai Big Bear da Little Pine da Piapot. An ruwaito cewa Piapot ya yi mafarkin wani bijimin ɓauna mai ƙahonnin ƙarfe yana tattake mayaƙansu, shi ya sa ya janye kafin a fara.

Yadda yaƙin ya kasance

Da duhun dare Cree suka afka wa wani ƙaramin zango na Kainai, ɗaya daga ƙabilun Blackfoot. Ba su san cewa akwai wasu manyan zangona a kusa ba. Cikinsu har da na Piikani da suka ƙetaro daga Montana bayan kisan gillar da sojojin Amurka suka yi musu a Kogin Marias a watan Janairun wannan shekarar. Da yawa daga mayaƙan Blackfoot suna da sababbin bindigogi masu harbi sau da yawa ba tare da an sake ɗuri ba, waɗanda suka saya daga Amurkawa masu fataucin barasa da makamai. Irin waɗannan fatake ne suka kafa sansanin Fort Whoop-Up kusa da wurin a 1869. Yawancin Cree kuwa tsofaffin bindigogin ɗuri da baka da kibau suke riƙe da su.

Kafin gari ya waye gudummawa ta iso. Aka shafe sa'o'i ana musayar wuta daga kwazazzabai biyu da ke gangarawa zuwa kogi. Da Cree suka fara ja da baya, Blackfoot suka yi musu ca, suka kora su cikin ruwa, inda aka harbe da yawa suna ƙoƙarin ƙetarewa. Jerry Potts, wanda mahaifinsa ɗan Sikotlan ne mahaifiyarsa kuma 'yar Kainai, yana cikin jagororin wannan farmaki. An ƙiyasta cewa Cree sun rasa mutum 200 zuwa 300, Blackfoot kuma kusan 40.

Abin da ya biyo baya

A 1871 Cree suka aika wa Blackfoot taba, alamar neman sulhu, aka kuma daidaita. Daga baya Crowfoot, shugaban Siksika na Blackfoot, ya ɗauki Poundmaker na Cree a matsayin ɗansa, abin da ya ƙara ƙarfin zumuncin.

Sai dai ƙasar da aka yi yaƙi dominta ba ta daɗe a hannun kowannensu ba. Tun a Yulin 1870 Kanada ta karɓi yankin daga kamfanin Hudson's Bay. Bayan mafarautan kyarkeci sun kashe Assiniboine fiye da 20 a tuddan Cypress a 1873, gwamnati ta turo 'yan sandan doki a 1874, kuma Potts ya zama ja-gabansu. Shugabannin Cree da yawa sun sa hannu a Yarjejeniya ta 6 a 1876, Blackfoot kuma a Yarjejeniya ta 7 a 1877, aka keɓe musu wuraren zama, gwamnati ta buɗe sauran filayen ga baƙi manoma da makiyaya. Zuwa 1879 ɓauna ta kusa ƙarewa a ɓangaren Kanada, yunwa ta addabi ƙabilun biyu. Big Bear ya ƙi sa hannu har Disambar 1882, lokacin da yunwa ta ci ƙarfin mutanensa.

A yau akwai wurin shaƙatawa mai suna Indian Battle Park a kwarin kogin cikin Lethbridge, domin tunawa da yaƙin.