Yadda Digiri Ya Zama Sharaɗi ga Lauyan Diyya a Amurka

Ɗalibin da ya gama sakandare a Kano yana son zama lauya, hanyarsa a miƙe take: shekara biyar a sashen shari'a na jami'a, sannan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi. Takwaransa na Amurka kuwa sai ya yi zagaye. Zai fara da digirin shekara huɗu a wani fanni dabam, tarihi ne, lissafi ne ko kiɗa, kafin ya shiga makarantar lauyoyi ta shekara uku. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta ce ba ta fifita wani kwas a kan wani ba. Wannan tsari ba daɗaɗɗe ba ne, kuma lauyoyin da ke nema wa masu rauni diyya suna cikin waɗanda aka kafa shi don a takura musu.

A ƙarni na 19 aikin lauya koyonsa ake yi a hannun maigida, kamar ɗinki ko ƙira. Yaro ya zauna a ofishin wani lauya yana kwafar takardu da hannu, in ya sami sarari ya buɗe littattafan Blackstone, masanin shari'ar Ingila. In ya ji ya ƙoshi, sai alƙali ya yi masa 'yan tambayoyi da baki ya sallame shi. Abraham Lincoln ko maigidan ma bai zauna wa ba. Zamansa a aji duka-duka bai wuce shekara guda ba, aron littattafai ya yi ya karanta da kansa, ya sami lasisi a jihar Illinois a 1836.

A lokacin, wanda ya ji rauni a bakin aiki bai da wata madafa. Wani direban jirgin ƙasa mai suna Nicholas Farwell ya kai kamfaninsa ƙara bayan wani ma'aikaci ya yi sakaci wajen juya layin dogo, jirgi ya kauce, ƙafar jirgin ta murƙushe masa hannu. A 1842 babban alƙalin jihar Massachusetts, Lemuel Shaw, ya kori ƙarar. Hujjarsa ita ce laifin na abokin aiki ne, ba na kamfani ba, kuma albashin direba ya riga ya haɗa da kuɗin haɗarin da ya yarda ya ɗauka.

Layin dogo da masana'antu suka ci gaba da cin hannuwa da ƙafafu, leburori kuma ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Abin da ya buɗe musu ƙofar kotu shi ne yarjejeniyar “sai an ci a biya”: lauya ya ɗauki shari'a ba ko sisi, in an yi nasara ya cire kasonsa, galibi kashi ɗaya cikin uku. Masu karɓar irin wannan aiki yawancinsu 'ya'yan baƙin haure ne, Yahudawa da 'yan Italiya da 'yan Ireland, waɗanda ke aiki da rana su yi karatun shari'a da dare. Makarantar Suffolk da Gleason Archer ya buɗe a yankin Boston a 1906 don irinsu aka yi ta. Manyan lauyoyin kamfanoni suka laƙaba musu suna “masu bin motar asibiti”.

A 1921 wani kwamitin Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ƙarƙashin Elihu Root, tsohon sakataren harkokin waje, ya ba da shawarar kada a ɗauki kowa makarantar lauyoyi sai ya yi shekara biyu a jami'a. Dalilin da aka faɗa shi ne kyautata ilimi da ɗa'a. Amma masanin tarihi Jerold Auerbach ya nuna a littafinsa na 1976 cewa akwai niyyar rage kwararar talakawa da baƙi cikin sana'ar, domin a zamanin ɗan lebura bai cika taka jami'a ba. Kwamitin ya ƙayyade yawan shekaru, bai ce ga abin da za a karanta a cikinsu ba.

Katangar ba ta daɗe tana tare mutane ba. Dokar 1944 da ta biya wa sojojin Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin karatu ta cika jami'o'i da 'ya'yan talakawa. A 1948 aka fara jarrabawar LSAT, wadda ke auna fahimtar rubutu da iya kafa hujja, ba sanin doka ba. Zuwa shekarun 1960 cikakken digiri ya zama abin da yawancin makarantu ke nema.

Ita ma sana'ar ta sauya kama. A 1946 lauyoyin ma'aikata masu rauni suka kafa ƙungiyarsu a birnin Portland, kuma tauraronsu shi ne Melvin Belli na San Francisco. A shari'ar wata mata da jirgin cikin gari ya guntule wa ƙafa, Belli ya shigo kotu da wani dogon ƙunshi a naɗe da takardar mahauta, ya ajiye a kan tebur, ya bar kowa yana satar kallonsa. Sai a jawabinsa na ƙarshe ya kwance shi a hankali. Ƙafar roba ce. Ya miƙa wa masu taya alƙali yanke hukunci, ta bi hannu-hannu, kowa ya ji nauyin abin da matar za ta riƙa ɗaurawa har ƙarshen ranta. Suka yanke diyyar dala 100,000. Daga nan kwarangwal da hotunan ƙashi da taswirar jiki suka zama kayan aikin lauyan diyya, ya zama dole ya iya karanta takardun asibiti ya kuma yi wa likita ko injiniya tambayoyin ƙure.

Wannan ne ya sa digirin da ba shi da alaƙa da doka yakan yi rana. John Edwards, ɗan ma'aikacin masaƙa, fasahar saƙa ya karanta a Jami'ar Jihar North Carolina, ya gama a 1974. Ya yi suna a shari'o'in sakacin likitoci, kuma a 1997 ya ci wa wata yarinya da magudanar wurin ninƙaya ta yi wa mummunan lahani diyyar dala miliyan 25, kafin ya zama sanata. Har yanzu kimiyyar siyasa ce aka fi tururuwa a kai, amma ofisoshin lauyoyin diyya suna maraba da tsofaffin ma'aikatan jinya da injiniyoyi.

Tsohuwar hanya ma ba ta toshe gaba ɗaya ba. A jihohin California, Virginia, Vermont da Washington, mutum zai iya zama ƙarƙashin gogaggen lauya na wasu shekaru, ya shiga jarrabawar lasisi ba tare da ya taka makarantar lauyoyi ba, ko da yake masu bin ta 'yan ƙalilan ne.