Arlit: Yadda Garin Yuraniyom Ya Zama Darasin Labarin Ƙasa da Tsaro

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. Kafin a fara haƙa, wurin fili ne na tsakuwa da rairayi a yamma da duwatsun Abzin, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, inda Abzinawa makiyaya ke ratsawa da raƙumansu. A 1957 ne Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da yuraniyom a Azelik, daga nan bincike ya ci gaba har aka gano manyan jijiyoyinsa a yankin Arlit cikin shekarun 1960. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka aza harsashin garin a 1969, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, ya fara haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa.

Duk abin da garin ke rayuwa da shi kawo shi aka yi. Ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, ruwan da ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina, wanda ba ya komawa in an ɗebe. Wutar lantarki daga gawayin Anu Araren take zuwa. Kwalta guda ce ta haɗa garin da Agadas da Tawa, ta nan manyan motoci suka riƙa ɗaukar gangunan yuraniyom zuwa tashar ruwan Kotonu har 2023. Ma'aikata ma yawanci daga kudu suka zo, Hausawan Tawa da Maraɗi da Damagaram, da Zabarmawa. Sai farin 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobin makiyaya, suka taho suka raɓa a bakin gari. Haka Arlit ya rabu biyu: rukunin gidajen kamfani mai famfo da wuta da asibiti, da unguwannin bukkoki na waɗanda ƙasar ta kakanninsu ce amma ba su da albashi a cikinta.

Wannan rabuwa ita ce ainihin abin da fannin labarin ƙasa mai nazarin zaman jama'a ke dubawa: wa ke zaune ina, da me yake ci, wace hanya yake bi, wa ke riƙe da rijiya. Cikin masanan wannan fanni, Bafaranshe Edmond Bernus ya shafe shekaru yana nazarin kiwon Abzinawa, ya fitar da babban littafinsa a 1981. Jami'ar Yamai, wadda tushenta ya faro a 1971 aka kuma raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, tana koyar da fannin a tsangayar adabi da ilimin zaman jama'a. Fari da kiwo da kwararowar hamada su ne suka fi cin hankalin masana a farko. Abin da ya auku a arewa ne ya shigar da tsaro cikin darasin.

Bayan rikicin Cintabaraden a watan Mayu na 1990 tawayen Abzinawa ya ɓarke, bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. A Fabrairun 2007 ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta ɗauki makami da hari a Iferuwan, kuma rabon kuɗin yuraniyom na cikin manyan ƙorafinta, duk da dokar 2006 da ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Ranar 16 ga Satumba 2010 mayaƙan Alƙa'ida suka sace mutum 7 a cikin Arlit, huɗu na ƙarshe ba a sako su ba sai Oktoban 2013. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a masana'antar SOMAIR da barikin soja na Agadas. Mai karanta taswira zai ga dalili: dukiya mai tsada a ƙarshen hanya guda, ga iyakokin Aljeriya da Mali da Libiya da ba su tsaruwa, ga matasa da suka san kowace rijiya amma ba su da aiki.

Ci-rani ma darasi ne mai ciwo. Arlit ne zangon ƙarshe kafin Assamaka da Aljeriya. A Oktoban 2013 mutum 92, akasari mata da yara, suka mutu da ƙishirwa bayan motocinsu sun lalace a wannan hanya. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi barin hanyar da aka sani zuwa wadda ba ruwa, wasu kuma suka koma haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten, inda aka gano ta a 2014. An soke dokar a Nuwamban 2023. Masu bincike a jami'ar Yamai da cibiyar LASDEL sun bi irin waɗannan sauye-sauye ta hira da mutane a tasha da kasuwa, aikin da hoton tauraron ɗan Adam ba ya iya yi shi kaɗai. A 2014 aka kafa Jami'ar Agadas, karatun jami'a ya matso kusa da wurin.

Lafiyar jama'a ita ma tsaro ce. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit ta daɗe tana kuka kan tarkacen ƙarfe daga ma'adanai da ke shiga kasuwa, maƙera su mai da shi tukwane da ƙyauren ɗaki, alhali wani yana ɗauke da tururin guba. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tulin shara na kusan tan miliyan 20. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar Kotonu ta toshe, a Yunin 2025 kuma gwamnati ta karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Mai ma'adini ya sauya, amma batun ruwa da aiki da rabon arziki a Arlit yana nan ba a warware shi ba.