Lissafin Shekarun Margaret Da Bessy

Wanda duk ya bi ta Plymouth Grove a nan Manchesta zai ga wani tsohon gida mai lamba 84. A cikinsa wata mata mai suna Elizabeth Gaskell ta zauna tun daga 1850, a lokacin zamanta a nan ne kuwa ta rubuta littafin nan da ake kira North and South, watau Arewa da Kudu. An fara buga shi guntu-guntu kowane mako cikin jaridar Charles Dickens, daga Satumba 1854 zuwa Janairu 1855. Garin da ta kira Milton a cikin labarin Manchesta ne, suna kawai ta sake masa. Jama'armu da yawa ba su karanta littafin ba, amma sun ga wasansa da BBC ta nuna a talabijin kashi huɗu a ƙarshen 2004, har akan yi gardama a kan shekarun saurayin da budurwar. To, ni abin da na gani shi ne, wanda bai lissafa shekarun mutanen labarin nan ba, rabinsa kaɗai ya ji.

Ga labarin a taƙaice. Wani limamin coci, Mista Hale, ya bar aikinsa a wani ƙauye na kudancin Ingila don zuciyarsa ta daina natsuwa da shi. Ya kwashe matarsa da 'yarsa Margaret zuwa Milton, garin hayaƙi da masaƙu, ya shiga koyarwa a gida. Cikin almajiransa akwai John Thornton, mai masaƙar auduga. Margaret ta raina shi da fari, ya nemi aurenta ta ƙi, sai can ƙarshe suka daidaita.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a gare mu. Tsofaffinmu na gida ba su da takardar haihuwa, amma in ka tambayi tsohuwa sai ta ce an kai ta ɗaki shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, kai kuwa ka ce 1956 ke nan, ka ɗora daga nan. Malaman hadisi ma haka suka yi tun da can: in mutum ya ce ya ji daga bakin wane, sai a nemi shekarar haihuwarsa, a gwada ta da shekarar rasuwar shehin, a ga ko zai yiwu sun haɗu. Hanyar da zan bi ke nan.

Sha'anin Margaret mai sauƙi ne. A babin farko an gaya mana an kawo ta gidan innarta a Landan tana 'yar shekara 9, yanzu kuwa tana da 18. A cikin babin nan dai an ce shekara goma ke nan gidan ya zama nata, amma wannan cikon baki ne irin na masu magana, tara da tara ba su wuce 18 ba. Ta koma ƙauyensu a ƙarshen Yuli, kafin shekara ta ƙare sun tashi zuwa Milton cikin hazon hunturu.

Na Thornton ya fi wuya, gama ba inda ya faɗi shekarunsa da bakinsa a farkon haɗuwarsu. Mista Hale ne ya dube shi ya ce zai yi kamar 30. Wannan zato ne na ido, shaidar mutum ɗaya, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai. Amma ga shaida ta biyu. Ran da ya zo shan shayi gidansu, shi da kansa ya ba da labari cewa shekara 16 ke nan da ubansa ya mutu mummunar mutuwa, aka cire shi daga makaranta aka sa shi aiki a kantin yadi. Ɗebe 16 daga 30, ya zama yaro ne ɗan shekara 14 ko 15 sa'ad da nauyin uwa da ƙanwa ya hau kansa. Shaidun biyu sun dace ke nan, domin ya ce ya riga ya taɓa karatun tsofaffin littattafan Girkawa kafin a cire shi, ɗan shekara goma kuwa bai kai nan ba. Sule 15 suke samu a mako, su uku, uwarsa ta sa yana ajiye sule 3 kowane mako. Ku buga da kanku: sule 156 a shekara, watau fam 7 da sule 16. Daga irin wannan tarin ya fara har ya biya basussukan ubansa. Duk malamin da ya taɓa zaunar da magidanci mai gemu gaban allo da dare ya san abin da ke kawo irin wannan mutum: karatun da aka yanke masa yana yaro ne ya dawo nema. Tsakaninsa da Margaret dai shekara 11 ne ko 12.

Amma inda lissafin ya fi ciwo ba wajen masoyan ba ne. Akwai wata yarinya, Bessy Higgins, 'yar wani ma'aikacin masaƙa, wadda Margaret ta saba zuwa dubawa tana kwance ba lafiya. Rannan Margaret ta tambaye ta shekarunta, ta ce za ta cika 19 in Yuli ya zo. Margaret ta ce ita ma 19 gare ta. Sa'o'in juna ne ashe! Ɗaya ko zuwa biki ba ta gama koya ba, ɗaya kuwa ta gama aikinta na duniya. Bessy ta yi aiki a ɗakin da ake shiɓar auduga, ƙurar audugar ta cika mata huhu. Ta bayyana cewa akwai wata irin fanka da ke kwashe ƙurar, amma kuɗinta fam 500 ko 600, ba ta kuwa kawo riba, saboda haka masu masaƙa kaɗan ne ke sa ta. Har ma waɗansu ma'aikata ba su son ta, wai sun saba haɗiyar ƙurar tana tare musu yunwa. Kai, talauci bai yi ba. To, yanzu ku duba: tarzomar masu yajin aiki ta faru ne cikin zafin Agusta, Bessy kuwa ta mutu 'yan kwanaki bayanta. Ta cika 19 ɗin da ta ambata, amma da ƙyar ta ɗora mata wata guda. Marubuciyar ba ta tsaya ta nuna mana wannan da yatsa ba, ta bar wa mai ƙidaya ya gano.

Kada wani ya ce ƙarin gishiri ne na masu labari. A rahoton da Edwin Chadwick ya fitar a 1842, in an tara shekarun mamata an raba, iyalin leburori a Manchesta 17 suke samu, iyalin manya 38. A Rutland, ƙasar noma, leburori ma 38 suke samu. Gaskiya yawan mutuwar jarirai ne ya ja adadin ƙasa haka, ba cewa kowane lebura na mutuwa yana ɗan 17 ba. Duk da haka ya isa ya nuna irin garin da Bessy ta tashi a ciki.

A garin nan kuwa, a zamanin nan, sanin shekarun yaro magana ce ta kuɗi da ta shari'a. Dokar masaƙu ta 1833 ta hana a ɗauki yaron da bai kai 9 ba, ta kuma rage wa 'yan ƙasa da 13 sa'o'in aiki. Amma ta yaya za a sani? Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa a Ingila ba sai 1 ga Yuli 1837. Sai aka ce likita ya dubi yaro ya ba da takarda cewa ƙarfinsa da kamanninsa na ɗan tara ne. Iyaye masu jin yunwa suna ƙara wa 'ya'yansu shekaru, masu masaƙa suna kau da kai. Har a 1837 wani likitan haƙori, Edwin Saunders, ya buga ɗan littafi yana cewa a riƙa duba haƙoran yara, sun fi tsawo faɗin gaskiya. Watau yadda muke buɗe bakin rago a kasuwa gabanin Layya, haka aka so a yi wa 'ya'yan mutane a ƙofar masaƙa.

Littafin bai ambaci shekarar da abubuwan suka faru ba, amma masu wasan 2004 sun kafa masa turke. Sun ƙara wani wuri da babu shi a littafin, inda Margaret da Thornton suka gamu a babban baje kolin nan na Landan, wanda aka yi daga Mayu zuwa Oktoba 1851. 'Yan'uwanmu na Birmingham suna da rabo a nan, domin gilashin ginin, wajen falle 300,000, a Smethwick aka yi shi, a ma'aikatar Chance Brothers. In mun karɓi turken nan, an haifi Bessy a Yuli 1832, shekara 5 kafin rajista, doka kuwa ta yarda a shigar da ita masaƙa tun 1841. Thornton kuma haihuwar wajen 1820 ne.

Sai mu zo ga 'yan wasan. Richard Armitage, wanda ya fito a Thornton, an haife shi a 1971, yana da 33 sa'ad da aka nuna wasan. Wannan bai yi nisa ba, kusan shekarun Thornton ke nan a ƙarshen littafin. Daniela Denby-Ashe, wadda ta fito a Margaret, haihuwar 1978 ce, tana da 26. Tazarar 11 ko 12 ta koma 7. Anna Maxwell Martin, wadda ta fito a Bessy, haihuwar 1977 ce, tana da 27, tsakaninta da Brendan Coyle wanda ya fito a ubanta bai fi shekara 15 ba. A wasan da BBC ta yi tun 1975 Patrick Stewart ne Thornton, yana da 35. Abin ban sha'awa, Tim Pigott-Smith ya fito a wan Margaret a na 1975 yana da 29, sa'an nan ya dawo a na 2004 ya zama ubanta yana da 58.

Ba na zargin 'yan wasan, sun iya aikinsu ƙwarai. Amma ido ba ya musun abin da ya gani. In mace mai shekara 26 ta yi wa mutum tsawa don ya nemi aurenta, mai kallo zai ce girman kai ne. In kuwa yarinya ce 'yar 19, wadda jiya-jiya ta rungume mutum don ta kāre shi daga jifa, dutse ya fasa mata goshi, gari ya waye ana cewa son sa take yi, ai kunya ce da firgita suka yi magana. Haka kuma ƙaryar da ta yi wa sufeton 'yan sanda don ta ɓoye wanta Frederick, wanda ake nema saboda tawaye a jirgin ruwan soja: 'yar 19 ce, uwarta ba ta daɗe a kabari ba, ubanta ya karaya, ba mai ba ta shawara. Tsakanin 19 da 20 ta binne ƙawarta da uwarta da ubanta da Mista Bell, abokin uban. Bessy ita ce ta fi cutuwa a wasan. Mace mai 27 tana tari abin tausayi ne, amma ba ɗaya ba ne da yarinyar da ƙanwarta Mary ke da 17.

Saura wuri guda, nan kuwa fahimtata ce. Mista Bell ya bar wa Margaret dukiyarsa, har da filin da masaƙar Thornton ke kai. Bisa lissafinmu ya rasu tana da 20. Labarin bai rufe nan da nan ba, sai da shekara ta kewayo, kasuwa ta karya Thornton, sa'an nan ta kira shi ta ce tana da fam 18,057 a banki, ya karɓa ya ci gaba da aiki. A lokacin ta kai 21. Shekara 21 kuwa ita ce balagar shari'a a Ingila har zuwa 1970 da aka mai da ita 18. Kafin nan ba ta da cikakken ikon ƙulla ciniki da hannunta. Bayan aure kuma, kafin dokokin 1870 da 1882, kuɗin mace na mijinta ne, sai fa in an ɗaure su da wata yarjejeniya tun gabanin aure. Mu da muka karanta cewa dukiyar mace tata ce ko da aure ko babu, abin zai ba mu mamaki, amma haka dokarsu take a sa'an nan. Ashe ɗan tsakanin nan, daga cikarta 21 zuwa ranar ɗaurin aure, shi kaɗai ne lokacin da Margaret za ta iya zama gaban Thornton ita ce mai gida shi ne ɗan haya. A cikinsa kuwa marubuciyar ta sa suka daidaita, a falon gidan innarta a Landan. Masu wasan 2004 sun mai da wurin tashar jirgin ƙasa, ya yi kyau a ido, amma wanda ke kallon mace mai 26 ba zai taɓa tambayar dalilin jinkirin ba.

Ita Elizabeth Gaskell ta san dokar nan a gidanta. Ta taɓa gaya wa ƙawarta cikin wasiƙa, tana raha, cewa fam 20 da Dickens ya aiko mata ladan wani gajeren labari a 1850, mijinta William ya sa su aljihu abinsa. Sa'ad da take rubuta labarin Margaret tana da 'ya mai shekara 20 da wata mai 17, saboda haka ba daga nesa ta hango 'yar 19 ba. An haife ta a Satumba 1810. A 1865 ta sayi gida a Holybourne ba da sanin mijin ba, tana nufin ta yi masa ba-zata, a cikin gidan nan kuwa ta faɗi ta rasu farat ɗaya a Nuwamba, ana tsakiyar hira. Shekararta 55, daidai da abin da ta sa Mista Hale ya ce yana da shi a daren da ya kwanta a Oxford bai tashi ba.