Konkokil: furen da injin tace iri ya raba da gonakin Ingila

A ƙarni na 19, duk wanda ya ratsa gonar alkama a Ingila cikin watan Yuli zai ga wani fure mai launin shunayya yana leƙowa tsakanin zangarniyoyi. Turawa na ce masa konkokil, masana kuma Agrostemma githago. Siriri ne, tsayinsa ya kusa mita 1, ganyensa na da gashi-gashi, furensa mai kunne 5. Yau da wuya a same shi a gona ya fito don kansa.

Asalinsa gabashin Bahar Rum ne. Cikin irin hatsin manoman dā ya ɓuya, ya bi su har tsibirin Birtaniya kusan shekara 2,000 da suka shige ko fiye. Dabararsa ɗaya ce: yana nuna tare da alkama, a girbe su tare, a sussuke su tare. Ƙwayarsa baƙa ce, mai kaushi da nauyi, don haka iska ba ta ɗauke ta wajen shiƙa, rairaya ma ba ta cika raba ta da hatsi ba. Sai ta kwana a rumbu, baɗi manomi ya shuka ta da hannunsa.

Manomi kuwa ba ya ƙaunarta, don tana da dafi. In aka niƙa ta cikin gari, burodi ya yi duhu da ɗaci, ya ɓata ciki. Da aka tona unguwar Kofaget a birnin Yok tsakanin 1976 da 1981, an tarar da ɓarɓashin ƙwayar birjik a masan mutanen ƙarni na 10, alamar sun sha cin ta a abincinsu.

Wannan dabara ta ɓuya cikin irin hatsi ita ta zame wa furen ajali. Ƙwayar konkokil ba ta daɗewa a ƙasa, saɓanin ta wasu ciyayi da kan kwanta shekara da shekaru suna jiran garma. Da injinan tace iri suka inganta daga ƙarshen ƙarni na 19, sannan dokar iri ta 1920 ta sa a riƙa gwada tsabtar irin sayarwa, sai aka daina shuka shi, ƙasa kuma ba ta ajiye masa komai ba. Bayan 1945 magungunan feshi irin su MCPA suka bi ragowar, takin zamani ya sa alkama ta yi duhu har ta hana ƙananan tsirrai rana.

Shi ya sa a 2014, da aka ga tushe guda ya yi fure kusa da hasumiyar fitilar teku ta Sauta, wajen Sandaland, sai da jaridu suka ɗauka. Yanzu akasari a 'yan fakitin irin furanni ake sayen sa, ana yafawa a lambuna da gefen tituna, nesa da alkamar da ta goya shi.